Keken Dutse da Gaisuwar Suruki

Likita bai yi mini kwana-kwana ba. Ya ɗaura mini abin awo a damtse, ya matsa, ya duba, ya sake matsawa, sannan ya tambaye ni sana'ata. Na ce ɗinki. Ya ce tun yaushe? Na ce ina jin tun kafin a haife shi. Bai yi dariya ba. Ya ce jinina ya hau, sukari kuma yana bakin ƙofa, kuma ƙwaya kaɗai ba za ta yi ba sai na riƙa motsa jiki har in yi gumi.

Rabin rayuwata na yi ina taka keken ɗinki da ƙafa, ina roƙon Allah ya ba ni ikon sa masa moto in huta. Allah ya amsa. Na sa moto, na huta, na ajiye tumbi. Yanzu ga yaro cikin farar riga yana gaya mini hutun ne ke neman halaka ni.

Da wata cuta ce da na karɓi ƙwaya na manta da sauran maganar. Amma na ga yadda mahaifina ya ƙare. Da hantsi ya faɗi a zaure da buta a hannu, ɓarin jikinsa ya shanye, ya yi shekaru a kwance muna juya shi, muna share masa yawu, yana kallonmu da ido ɗaya yana son magana. Mutuwa kowa zai yi. Wannan kwanciyar ce ba na so.

Na fara da tafiyar ƙafa, na gano ba a yin ta a unguwarmu ta Ali Kazaure a Jos. In magidanci ya fito da safe yana tafe da sauri, kafin ya kai bakin titi mai mashin ya tsaya, mai mota ya tsaya. Lafiya, Malam? Mashin ɗin ne ya lalace? Hau in rage maka hanya. In ka ce motsa jiki kake, sai a ce to hau mu ƙarasa, ka motsa a can. In ka ƙi, an ce ka fara girman kai. Wata rana aka rage mini hanya har cikin kasuwa inda ba ni da abin yi, na shiga mota na dawo gida ko gumi ban yi ba.

Akwai wani abokina Ibo a Gada Biyu, yana sayar da kekunan gwanjo da ake kawowa daga ƙasashen waje. Ni nake rage masa wanduna tun yana saurayi. A Jos aka haife shi, Hausarsa ta fi ta wasu 'ya'yana, sai dai mace da namiji duk ɗaya ne a bakinsa. Da na ba shi labari sai ya shiga can ƙuryar shago ya turo wani keke mai faɗin taya kamar na mashin. Babu madigadi, babu ƙararrawa, sirdin kuma ko tafin hannuna bai kai ba.

Na ce, “Sauran ina suke?”

Ya ce, “Sauran mene, Oga tela?”

“Sauran keken. Wannan ai an sace rabinsa a hanya.”

Ya ce haka ake yin sa, keken dutse ne, ba na zuwa cefane ba. Su wata ƙungiya ce, duk Asabar suna fita bayan gari su hau duwatsu su sauko, kuma a can babu wanda zai rage mini hanya. Wannan maganar ta ƙarshe ce ta saye ni.

Kafin in tafi ya riƙe kan keken ya ce in saurara. Birkin hannun dama na baya ne, na hagu na gaba. Na gaban nan ba irin na baƙin keken da na sani ba ne, wanda za ka matsa yau ya tsaya gobe. “In ka kama shi shi kaɗai a gangara, keke zai tsaya, kai ba za ka tsaya ba. Hannu biyu, Oga tela. Matanka ma ya zo wucewa, hannu biyu.” Na ce na ji. Ya kawo hular kwano, na karɓa. Ya kawo wani gajeren wando mai kama jiki kamar an shafa shi da buroshi, na ce ya mayar. Ina da 'ya'ya mata da suka isa aure.

Ni tela ne, don haka na ɗinka nawa. Dogon wando mai tsukakkiyar ƙafa don kada cen ya kama, na cusa soson kujera a mazaunai, da riga iya cinya. Hular kwanon ta ƙi zama a kan hulata, ni kuma ban taɓa fita kai babu hula ba tun da na yi aure. Sai na samu 'yar tashi-ka-fiye-naci na sa a ƙasa, na kifa kwanon a kai. Matata ta dube ni daga sama har ƙasa ta koma kicin. Na ji tana tari a can, irin tarin da ba na mura ba.

A unguwa kuwa jaje aka fara yi mini. Mutumin da yake da mashin aka gan shi a kan keke, ai magana ta ƙare, arziki ya karye. Wani maƙwabcina ya riƙe hannuna bayan sallar azahar ya ce in yi haƙuri, duniya haka take, shi ma ya taɓa shiga. Na nuna masa mashin ɗina a jingine a ƙofar shago, ya gyaɗa kai ya ce Allah ya kawo mai saye da daraja.

Asabar ta farko na taka daga gida har Kabong inda suke haɗuwa, na isa ina haki. Na tarar da manyan mutane, ma'aikatan gwamnati, wani lauya, wata mata mai kantin magani, kowa cikin wandon nan da na ƙi. Kekunansu kuwa a ɗaure a bayan motoci. Wato mota za ta ɗauki keke ta kai shi inda zai ɗauki mutum. Na tambayi abokina dalili, ya ce suna adana ƙarfi ne. Aka jefa nawa a bayan a-kori-kura, ni ma na hau na adana abin da ya rage.

Wanda bai taɓa hawa dutse da keke ba kada ya yarda a ba shi labari mai daɗi. Cinya tana ci da wuta, numfashi yana fita da ƙara kamar zuga-zugi, sirdin nan kuma soson kujera bai hana shi komai ba. Akwai 'yan maɓallai a kan keken da ake dannawa feda ta yi laushi ko ta yi tauri, ni kuma kullum sai in danna wanda ba shi ba, a tsakiyar hawa keke ya cije, in sauka in tura. Su kuma in sun kai sama sai su jera kekuna su ɗauki hoto, su sha wani ruwa mai launi, lauyan ya dubi agogonsa ya gaya mana yawan bugun zuciyarsa kamar wani ya tambaye shi.

Abin da ya fi ba ni mamaki da su, ba sa gaisuwa. Hanyoyin nan na mutane ne, ana bi zuwa gona, zuwa coci, zuwa ɗiban itace. Su sai dai su sunkuyar da kai su wuce fuu kamar an aiko su kashe gobara. Ni ba a rene ni haka ba. Duk dattijon da na haɗu da shi sai na sa ƙafa ƙasa, ina kwana, ina gajiya, ya aiki, ya sanyi. Shi ya sa kullum ni ne na ƙarshe, har suka daina jira na sai abokina. Yakan tsaya a kan wani dutse yana cewa, “Oga tela, zaɓe za ka tsaya ne?”

Amma ba zan yi wa keken nan ƙarya ba. Bayan 'yan makonni nauyin da nake ji a ƙeya ya tafi. Ina kwanciya sai barci. Na fara hawa wasu tudun ban sauka ba, kuma ran da na fara kaiwa saman wani dutse ban tura ba, na tsaya na hango garin nan duka, rufin kwano da tafkunan da masu haƙar kuza suka bari suna ƙyalli, na ji wani abu a ƙirji da na manta da shi tun ina yaro. Da na koma awo, likita ya ce ko me nake yi in ci gaba.

Mutum ɗaya nake ɓoye wa, surukina, mahaifin matata. Tsoho ne da ya yi aikin kuza da ƙuruciyarsa, yanzu yana da lambu a bakin ɗaya daga tafkunan nan, kabeji da latas da karas. Tun da na auri 'yarsa ban taɓa cin abinci a gabansa ba, ban taɓa duban tsakiyar idonsa ba, shi ma bai taɓa kiran sunana ba. In na hango shi a hanya, ko a mashin nake sai na kashe na sauka na durƙusa. Ban taɓa zuwa lambun ba, wajen da yake kawai na sani a baki.

Ran nan suka ce za a bi sabuwar hanya. Muka hau, muka hau, sannan aka fara wata doguwar gangara mai tsakuwa, siririya, gefe guda dutse gefe guda lambuna. Sauran duk sun wuce. Ni ina baya, na ɗaga mazaunai kamar yadda aka koya mini, yatsu a kan birki biyu, keke yana gudu fiye da yadda nake so amma ina jin daɗinsa. Ina shan wata kwana sai ga farar riga a bakin hanya, da malafa, da sanda. Ko daga baya na san tsayuwar nan.

A wannan gudun ba a tsayawa farat ɗaya. Wucewa kuma babu gaisuwa, gara a ce na yi sata. Kafin kaina ya gama shawara hannuna ya riga ya yanke. Na saki dama na ɗaga ta sama na dunƙule, don ba a jinjina wa babba da hagu. Hagun da aka bari ita kaɗai da aiki, da ta ji keke yana rawa, sai ta damƙe abin da ke hannunta.

Abokina ya faɗi gaskiya. Keke ya tsaya.

Na ga sama, na ga tayar baya a inda kaina ya kamata ya kasance, sannan na sauka a kan kafaɗa cikin kunyar kabeji, jiƙaƙƙiya, an gama ban ruwa kenan. Hular kwano ta yi gefe, ƙaramar hular tana nan daram. Da na buɗe ido, takalman surukina ne a gaban hancina.

Na yunƙura na tattara ƙafafu na durƙusa yadda ya samu. Hannun hagu ya ƙi bin umarni, yana lilo.

Na ce, “Baba, ina kwana.”

Ya ce, “Lafiya lau. An tashi lafiya?”

“Lafiya lau, Baba.”

“Ya iyali?”

“Suna lafiya.”

“Ya yaran? Ƙaramar da ta yi zazzaɓi?”

“Ta warware, Baba. Ya aiki?”

“Da godiya. Ya kasuwa?”

“Alhamdu lillahi.”

Tayar keken tana can tana ta juyawa a sama, laka tana gangaro mini ta kunne, shi yana duban wani dutse can nesa, ni ina duban ƙasa. Babu wanda ya ambaci cewa yanzun nan na faɗo daga sama. Muka kai gaisuwa har ƙarshenta. Sai ga abokina ya dawo a guje yana tura nasa keken, yana kiran sunan Yesu. Surukina ya juya wajensa ya ce, “Abokin nan naka kafaɗarsa ta goce. Ka ɗaga shi ta dama. Ku bi ta nan, can latas ne.”

Mai ɗori ya mayar da kafaɗa, na yi kwanaki ban taɓa almakashi ba. Ina cikin jinya sai ga yayan matata ya zo. Direban babbar mota ne, ba ya iya magana a hankali. Ya zauna ya sha kunu, ya tambaye ni ko kabejin ya ji ciwo, ya yi dariyarsa shi kaɗai, sannan ya gyara zama.

Ya ce, “Baba ya ce a gaishe ka da jiki. Ya ce kuma keken nan ya huta.”

Na ce, “Har yaushe, Yaya?”

“Bai sa rana ba.”

“Ai likita ne ya ce...”

“Likita ne ya ba ka mata? A masallacinsu an tare shi ana tambaya. Wasu sun ce ka karye, wasu sun ce iska ce ta taɓa ka. Magidanci da furfura, ka bi masu gajeren wando ka hau dutse ba ka ajiye komai a can ba. Kuma ka rasa inda za ka faɗi duk faɗin Filato sai gaban tsoho.”

Maganar suruki ba a mayar da ita. Na rataye keke a bangon shago ta ciki, na rufe shi da tsohon zanin gado. Da ya ga na koma kan mashin, maƙwabcin nan nawa ya zo ya yi mini barka, ya ce dama ya san Allah ba zai bar ni a haka ba.

Wata biyu ko fiye ina zaune. Nauyin ƙeya ya dawo, barci ya koma guntu-guntu. Wata safiya ina zura zare sai yatsun hannuna suka yi sanyi, allura ta faɗi, na kasa ɗauka. Abin ya sake ni bayan ɗan lokaci, amma matata ta kawo mini koko ta tarar da ni ina kallon hannuna. Ita ma ta yi jinyar mahaifina, ta san abin da nake kallo.

Ta ce, “Malam, ka je wurin Baba.”

Na ce, “In ce masa me? Ke ki je mana, ai ubanki ne.”

“Ni in je in yi masa maganar mijina? Da wane bakin? Ni ba zan iya ba, kai ma ba za ka iya ba. Amma kai ne mai jinin.”

Bayan la'asar na je. Na cire takalmi tun daga waje, na durƙusa a bakin tabarma a zaurensa. Muka gaisa. Muka yi maganar ruwa, da tsadar taki, da wani da ya rasu. Na ga in ban faɗa ba magariba za ta raba mu. Ina duban tabarma na ce likita ya ce ciwon mahaifina ne yake bi na, kuma tun da aka rataye keke ya fara taɓa mini hannu. Ban roƙi komai ba, ban kuma ce an yi kuskure ba.

Ya daɗe yana jan carbi. Yana cikin waɗanda suke zuwa duba mahaifina duk Juma'a har mahaifin nawa ya cika.

Ya ce, “A can saman dutsen, me ake ɗaukowa?”

“Babu komai, Baba.”

“Akwai wanda ake kai wa saƙo?”

“Babu.”

“A hau kawai a sauko.”

“Haka ne, Baba.”

“To ni me zan ce wa mutane?”

Ya ci gaba da jan carbi, har na ɗauka an sallame ni. Sai ya ce, kamar da bango yake magana, duk Asabar ana cire kayan lambu, kuma na gida da na rabon dangi kullum sai ya yi ta neman wanda zai shigo da su gari. In da za a samu wani mai keke ya biyo ta can bayan ya gama abin da yake yi, ya ɗauko, to wannan aike ne. Babu wanda zai ce wa mutum mahaukaci don surukinsa ya aike shi. Ya ƙara da cewa mai keken in ya hango shi a gangara ya riƙe abinsa da kyau, ya iso ƙasa tukuna, gaisuwa ba ta guduwa.

Da na kai keken Gada Biyu na ce a sa masa kariya ta ɗaukar kaya a baya, abokina ya dafe kai. Ya ce wannan keken an yi shi ne don ya yi rashin nauyi, mutanen da suka ƙera shi sun yi ta fama suna rage ko ƙusa ɗaya, ni kuma zan ɗora masa buhu. Na ce ko kariya ko ƙusa a bango. Ya yi ta mita da yarensu, ya nemo wata ya ɗaura, ya ba ni robar tsohon tiyub kyauta.

Haka nake yi har yau. In hau tare da su, su ɗauki hotonsu, su koma wajen motocinsu, ni in gangara lambu da hannu biyu, in jingine keke, in durƙusa, a ɗaure mini buhu. Daga can har Ali Kazaure babu mota, da ƙafata nake kawo shi, kuma akwai wani hawa a hanyar da ban taɓa lura da shi ba sai da na ɗauko kabeji. Hannun bai sake yi mini sanyi ba. A unguwa yanzu albarka ake sa mini, ana nuna ni ga samari ana cewa ku ga yadda ake biyayya ga suruki. Lauyan nan ya taɓa tambayata ko nauyin da nake ɗorawa wani sabon salon horo ne, na ce eh, amma sai an yi aure ake shiga.

Abin da ban yi lissafi da shi ba, dangin matata suna da yawa, kuma duk sun ji labari. Buhun yana ƙara girma. Bana kuma tsoho ya shuka dankalin Turawa a rabin lambun. Dankali ba kabeji ba ne wajen nauyi, kuma ba ni da bakin magana.